Koriyar Atamfa a Bargon Haidar

Unguwar Albarika, Parakou

Zuwa ga Yayata Zuwaira,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Mansour da yara. Yaya zaman Abijan, yaya kasuwa, yaya kuma ciwon gwiwar nan da ke taso miki da damina? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Baba yana zuwa kasuwar shanu kamar kullum, ko da yake yanzu a inuwa yake zama yana ba da umarni. Maigidana har yanzu yana Kwatano wajen aiki, ni da yara muna gidan Baba kamar yadda kika bar mu bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta. Matar ƙaninmu Awwalu ta sauka lafiya a Djougou, namiji, an raɗa masa Haidar, na san kin ga hotuna. Abin da hoto bai nuna miki ba shi ya sa na ɗauki alƙalami, don ba maganar waya ba ce. Kin san gidanmu, ko tari ka yi a ɗaki sai an ji a zaure. Yaya, kaina ya ɗaure tamau.

Kin tuna ɗinkin da kike mini dariya a kai, wai na zama shara ta unguwa? Ban daina ba. In yara sun tafi lekol, makarantar boko, sai in zazzage ƙyallaye a tabarma, in yanka su daidai-daidai, in haɗa a keken Inna, in shimfiɗa tsohon zani a tsaka, in bi da allura har ya zama bargo. Ba sayarwa nake ba, hankalina ne kawai ke kwanciya. Kuma ba na tsintar ƙyallen kowa. Kin san Ismail tela, ba ya gauraya ragowar yadin mutane, tunda ba wanda ke son guntun tufafinsa ya faɗa hannun da bai sani ba. Kowane gida da ledarsa, in ta cika ya aiko. Daga ledar gidanmu kaɗai na yi wa Haidar bargo. Akwai shaddar sallar Baba a ciki, da zanen Inna mai ruwan ƙasa, da ragowar leshin da kika aiko mini, har da wata koriyar atamfa mai zanen kifi da na yi wa bakin bargon ado da ita. Ban san ta ba, amma na ɗauka ta yara ce ko taki ce ta dā. Wa ke tsare ƙyalle da tambaya?

Ranar suna a Djougou na shimfiɗa shi gaban mata, ana ta sa albarka, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Na ce ai duk ƙyallen da ke jikinsa daga gidan Baba Alhaji Usuman ya fito, ba na bare ko ɗaya, don yaro ya kwanta cikin danginsa. Kaiconi da wannan baki nawa! Gwaggo Gaji, wadda kullum ke cewa idonta ya mutu, sai ta ja bakin bargon har kusa da hancinta. Ta tambaye ni ko na tabbata da abin da na faɗa. Na ce na tabbata. Sai ta ɗaga murya ta ce to wannan koriyar ankon bikin Zinatu ce, 'yar Baffa Sahabi, wanda aka yi bara a Onklou, ita kanta tana da ita a akwati. Ta ce in faɗa wa jama'a wa ya ɗinka ankon nan a gidanmu, tunda yayansu, wato Baba, ya yi rantsuwa ba mai taka sabgar Sahabi daga gidansa tun ranar da Sahabin ya sayar da gidan mahaifinsu bai yi shawara da kowa ba. Duk idanu suka dawo kaina, Yaya. Mace babba ni kaɗai ce a gidan nan yanzu, to wa za a kalla? Na rantse ban je ba, ban saya ba. Gwaggo ta ce ita ba ta ga laifin mai zumunci ba, ƙaryar ce ba ta so, kuma sai na warware koren nan na ba ubana haƙuri. Ban iya cin abincin sunan ba, a motar dawowa ma kuka na yi ta yi.

Kafin in iso labari ya riga ni. Baba ya kira ni zaure, ga abokansa biyu na kasuwa a zaune. Ya ce duk wanda ya shigo masa da yadin nan gida bai san darajar rantsuwa ba, ba shi da kunya, kuma Allah na ganinsa. Ya maimaita har muryarsa na rawa. Abin da ya ba ni mamaki, ko sau ɗaya bai dube ni ba, tabarma yake yi wa faɗa. Na durƙusa na ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba. Na koma ɗaki har na fara zargin kaina, ko dai na saya na manta? Har 'yata na tsare da tambaya, yarinyar da ko kuɗin zem, babur ɗin haya, ba ta riƙewa.

Washegari na ɗauki guntun da ya rage na tafi shagon Ismail. Da ya gan shi a tafin hannuna sai ya tsayar da keke, ya hau salati. Ya ce in rufa masa asiri in tafi. Na ce ba inda za ni, mutuncina ya zube a Djougou. Da ƙyar ya faɗa. Wai Zinatu ce ta aiko wa Baba yadin ta hannun direba, kamar yadda ake kai wa kowane uba, aka kai masa kasuwar shanu. Baba da kansa ya kawo shi a naɗe cikin jarida, ya tsaya aka gwada shi, ya ce a yi masa riga da aikin zare a wuya, kuma kada a kai gida. Shi kuma Ismail hannunsa ya saba, ya jefa ragowar a ledarmu. Yaya, Baba fa! Mutumin da tun da muka buɗe ido ba mu taɓa ganinsa da wani abu ba sai farar shadda, shi ne da atamfa mai kifi. Na zauna a bencin shagon, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Abinci nake ajiye masa in juya, gaisuwa a taƙaice. Ya tsaya yana ji ana ce mini maƙaryaciya, har ya ƙara da nasa. Amma in na tuna yadda muryarsa ke rawa a zaure sai fushin ya sace, tausayi ya kama ni, don na gane da wa yake faɗan. To in na wanke kaina wurin Gwaggo, na tona ubana, dattijon da duk kasuwa ta san rantsuwarsa. In na yi shiru, ni ce mai saɓa wa uba kuma mai ƙarya har gaban surukai. Ko matar Awwalu, da na kira ta jin lafiyar jariri, sama-sama ta amsa ni.

Ana cikin haka, jiya bayan la'asar ina yankan ƙyallaye sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba. Ya shigo da ƙunshi a hammata, ya ajiye a kan keke. Rigar ce, sabuwa fil, har da alamar allin tela a kafaɗa, ko sau ɗaya ba a sa ta ba. Bai ce in yi haƙuri ba, bai tambaye ni me na sani ba. Ya dai ce ya ji yarinyar nan ta Onklou ta kusa sauka, in yi wa abin da za ta haifa bargo irin na Haidar, in yanka rigar ƙanana-ƙanana yadda ba mai gane ta, in aika ba tare da sunansa ba. Na ce to. Ban iya ce masa Zinatu za ta gane ankon bikinta ko da ya koma kamar ƙwayar gero ba. Ya juya ya sa takalmi, har ya ɗaga labule, sai ya tsaya ya ba ni baya. Ya ce amma wuyan, in bar shi yadda yake in sa a tsakiya, aikin zaren ya yi kyau, asara ce a yanka.

To ke ce babba, ki faɗa mini. Wuyan rigar namiji ne, faɗinsa na Baba, duk wanda ya gani a Onklou ya san daga ƙirjin wa ya fito, balle Baffa da suka sha nono ɗaya. Ɓoyewa yake so in yi, ko so yake a kama shi? In bi maganar farko ko ta bakin ƙofa? Hannayen rigar dai na yanka su da safen nan, ina yi hawaye na ɗiga a kan yadin. Wuyan yana nan a kan cinyata, na kasa sa masa almakashi, kuma ina jin ba zan sa ba. Gwaggo kuwa ta ci gaba da ce mini maƙaryaciya, na ɗauka, in dai bargon zai isa Onklou tsofaffin nan biyu suna da rai.

Ki gaida Malam Mansour da kyau, da Ziyad da Anwar, da Mu'minat amarya, ki ce ina nan ina tara mata nata ƙyallayen. Yara suna gaishe ki, Baba ma yana gaishe ki. Ki sa mu a addu'a, kuma ki amsa mini ta hannun direban da ya kawo wannan, kada ki kira. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Shakira