Tabon Ruwa a Motar Oga Alphonsus

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Oga Alphonsus ya dawo da motarsa da la'asar, ransa a ɓace. Shekara goma sha ɗaya ni ke wanke masa mota duk Asabar, kafin ya koma zirga-zirgar aiki Abuja. Yau a gaban mutane ya ce, "Malam Zakari, dubi bonet ɗin nan. Tabon ruwa ko'ina, kamar an yayyafa mata koko." Na duba. Baƙa wuluk, sai ƙyalli. Na ce zan gyara, don dai a rabu lafiya. Ranar sha takwas ga wata 'yarsa za ta yi aure, a wannan motar za a kai ta coci.

Talata, 7 ga Mayu
Laifin ruwan burtsatsenmu ne. Gishiri gare shi, in rana ta busar da shi kafin a goge sai ya bar fari-fari a fenti, baƙar mota kuwa ba ta ɓoye komai. Da ya kawo ta yau na shafa hannu, na ji su, kaushi-kaushi a ƙarƙashin yatsa. To me ya sa jiya ban gan su ba? Rana ce ta yi yawa.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ya bar mini ita. Na sa aka tura ta inuwa. Ruwan kal, mai tsamin nan na girki, rabi, ruwan leda rabi, in jiƙa tsumma mai laushi in shimfiɗa, in ɗan jira, in ɗauraye, in goge nan take. Ƙofofi sun fita. Bonet ya ƙi, tabon ya riga ya ci cikin fentin. Damilare mai fenti, da shagonsa ke jikin rumfata, ya leƙo ya ce, "Baba, akwai saura nan, da nan." Duk inda ya nuna na riga na wuce. Na ce ya je ya ji da nasa aikin.

Juma'a, 10 ga Mayu
Na zuba shayi a kan tabarma. Matata Asabe ta ce, "Malam, karo na uku ke nan a satin nan." Kofin ne ƙarami.

Litinin, 13 ga Mayu
Na ƙona fentin.

Injin folish na ɗauko, tunda ruwan kal ya gaza. Ni da kullum nake faɗa wa mutane ba a barin injin nan wuri ɗaya, ni na tsaya da shi a gefen hagu na bonet, ina jiran in ga ƙyalli ya fito. Ban ji wari ba ma sai da Damilare ya rugo ya fizge wayar daga soket. Faɗin tafin hannu, baƙin ya cinye har farin da ke ƙasa ya fito. Na zauna kan bokiti har aka kira azahar.

Talata, 14 ga Mayu
Oga Alphonsus ya zo. Na shirya wa zagi. Ya daɗe yana kallon bonet, sannan ya juyo yana kallon fuskata. Can ya ce, "Yatsa nawa na ɗaga?" Na ce ni ba yaro ba ne. Gaskiya ban ma san ya ɗaga hannu ba, ta hagu ya ɗaga. Ya ce, "Ka je asibiti, Malam. Mota ƙarfe ce." Da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Damilare zai sake fesa bonet ɗin, amma ya ce da wuya launin ya zo daidai kafin Asabar.

Alhamis, 16 ga Mayu
Ban fita ba.

Asabar, 18 ga Mayu
An yi bikin. An aiko mini da kati tun watan jiya, ban je ba. Damilare ya ce sun lulluɓe bonet da furanni, ba wanda ya lura. Uban amarya dai ya sani.

Talata, 21 ga Mayu
Asabe ta ce in ban je asibiti ba za ta kira yayana a Tafa. Na je. Likitar ta haska, ta auna, ta ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Na dama ya fara ta gefe, sai ɗiga magani safe da yamma muddin rai, ko a tsare abin da ya rage. Ta tambaya tun yaushe. Na ce kwanan nan. Ƙarya ce. Shekara biyu ke nan da na daina gyara wa mutane tsayuwar mota a rumfa, ina cewa gwiwa ce ke ciwo.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na koma rumfa. Keke Napep biyu na wanke, shi ke nan. Masu motoci suna rage gudu, su ɗaga hannu, su wuce wurin Nuhu, mai wankin mota da ke gaba da ni. Magana ta zaga Suleja. Maganin idon yana da zafi kamar barkono.

Litinin, 27 ga Mayu
Asabe ta ce za ta kasuwa, hanyarmu ɗaya. Kasuwa ba hanyar rumfata ba ce, amma ban yi gardama ba. Da muka iso babban titi, tireloli da 'yan acaɓa ta ko'ina, sai na ce ta dawo hagu da ni, wai can ya fi inuwa. Babu inuwa a wurin. Ta dawo, ta kama bakin hannun rigata da yatsa biyu, yadda ba wanda zai gani. Shekara ashirin da shida ba mu taɓa tafiya haka a titi ba.

Ta ce gobe ma tana da sayayya. Na ce to, ta shirya da wuri.