Kududdufin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Goggo

Badariya, Birnin Kebbi
6 ga Agusta

Abban Asiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aikin titi, ya sanyin Gembu? Allah ya sa tarin nan ya sake ka. Mu nan ƙalau muke, sai kewarka. Asiya tana Argungu wurin Goggo mahaifiyarka tun da aka ba su hutu, an ce har ta iya cin kifi ba a cire mata ƙaya ba. Na rubuta wannan ne in ɗauki hotonta in tura maka, ka karanta ranar da kuka sauko inda ake samun sabis na waya, don maganar ta fi ƙarfin waya mai yankewa.

Ka san binciken da nake yi na digiri a kan yadda tsakiyar garin Argungu ta faɗaɗa. Taswirorin da na nema daga gidan adana tarihi na Kaduna sun iso. Akwai wadda Turawa suka zana tun kafin a haifi iyayenmu, akwai hoton da aka ɗauka daga jirgin sama bayan samun 'yanci, sai na tauraron ɗan'adam na bana. Ni da Temitope, abokiyar aikina a kwaleji, muka ɗora su a kan juna a kwamfuta, muka daidaita su da tsohon masallaci da mararrabar kasuwa, tunda su ba su gusa ba. Da farko abin har daɗi yake yi, kana ganin gari yana girma kamar yaro, gonaki suna zama shiyoyi.

Sai na lura da wani kwari a tsohuwar taswirar. Ya taso daga tudun bayan kasuwa ya gangara har fadama, a tsakiyarsa da wani babban kududdufi. A hoton jirgi yana nan, amma an fara cike shi daga gefe. A na bana babu shi, rufin kwano ne kawai jere. Da wasa na ce bari in nemo gidanku, na gane shi da darbejiyar ƙofar zaure. Abban Asiya, ɗakin Goggo a tsakiyar kududdufin nan yake zaune.

Na ce wa Temitope mun yi kuskure. Ta sake daidaitawa da wasu wurare daban, gidan bai motsa ba. Nan take na tuna tsagar bangon da ake liƙewa duk shekara tana dawowa, da ƙyauren da sai an ɗaga shi yake rufuwa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne sabon titin da aka ɗaga a bayan kasuwa. Kwalbatinsa daidai kan bakin tsohon kwarin yake zuba ruwa. Kai ne ka san aikin titi, don Allah ka dubi hotunan da na haɗa ka gaya mini ba haka ba ne. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

Gobe zan shiga motar Argungu. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Ummu Hani


Argungu
15 ga Agusta

Abban Asiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan aikinka. Na ji saƙon muryarka. Na so ƙwarai ka ƙaryata ni, sai ga shi ka ce a fitar da su tun kafin ruwan tsakiyar damina ya sauka.

Na zaunar da Goggo na nuna mata komai. Ba ta musa ba. Ta ce da aka kawo ta amarya kududdufin yana nan, har agwagi suna iyo ciki, daga baya aka yi ta zuba shara da ɓaraguzai har ya cika, marigayi Baba ya samu wurin ya gina. Amma ta ce a ɗakin nan ta haife ku duka, a ciki mijinta ya cika, ruwan da bai ci su ba duk shekarun nan ba bana zai fara ba. Ka san halin mahaifiyarka, da murmushi take ƙin abu, ba ka samun inda za ka kama.

Ƙanenka Sama'ila shi ne ya ɗauki zafi. Bai so na je wurin mai unguwa ba, amma ba gidanku kaɗai ke kan kwarin ba, ya zan yi shiru? Kafin la'asar magana ta zaga shiya cewa matar Faruk, wato ni, ta zo da takardar rusau, gwamnati ce ta aiko ta auna gidajen da za a rushe. Saƙon da ka tura wa Sama'ila bai gyara komai ba, cewa ya yi ni na zuga ka. Hauwa'u maƙwabciyarku, wadda ke aiko mini da dambun kifi duk sallah, na gaishe ta ta juya mini baya. Shekaranjiya ina bin layi ina duba bangaye, wasu maza suka biyo ni har ƙofar zaure. Na shige ciki da sauri.

Na roƙi Temitope ta zo ta tafi da Asiya gidanta a unguwar Gesse, Birnin Kebbi. Goggo ta ji ciwon wannan sosai, ta ce ashe har an fara tsoron barin jika a hannunta. Na ji kunya kamar in nutse, amma ban fasa ba. Ni kuma na zauna. Ba zan iya komawa Badariya in kwanta a kan katifa ba alhali na san abin da ke ƙarƙashinta.

Yanzu da na sani, ko'ina alama nake gani. Idan na taka daɓen ɗakinta yana amsawa kamar ganga. A tsakar gida kusa da murhu wani rami ya buɗe kamar bakin tulu, na juye masa bokitin wanke-wanke ya shanye nan take, ban ji inda ruwan ya tsaya ba. Sama'ila ya ce gidan gara ne, ya cusa dutse ya tafi. Tsagar bangon kuwa da hannuna ba ya shiga, yau da safe ya shiga har wuyan hannu.

An yi ruwa sau da yawa, masu sauƙi, kowane ya wuce sai a dube ni a yi dariya. Wallahi na fi son su yi ta dariyar har kaka. Idan za ka samu izini ka zo, ka zo. Maganarka a baki ta fi tawa nauyi a gidan nan.

Ina gaishe ka da kyau.

Matarka,
Ummu Hani


Badariya, Birnin Kebbi
27 ga Agusta

Abban Asiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka lafiya. Kafin komai, Goggo tana da rai, ni ma haka. Na san Sama'ila ya yi ta neman layinka bai samu ba. Ka zauna ka karanta a hankali. Rubutun ya karkace ne saboda hannuna na dama a naɗe yake.

Ranar Talata da hantsi hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Sama'ila ya tafi Gulma duba shinkafarsa, mu biyu ne a gida. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa a shiyar gulbi yake tsoro, can ake kallo, amma ruwan ta bayanmu ya zo, daga wajen kasuwa, ja wur, ɗauke da ledoji da kwandunan albasa. Ta zaure ya shigo. Ina madafa ina kwashe garwashi na ga dutsen da aka cusa a ramin nan ya nutse, ruwan tsakar gida duka ya fara juyawa yana shiga wurin.

Goggo tana ɗaki ta rufo ƙyaure saboda feshi. Na ruga na tura, ya ƙi. Ginin ya zauna a kansa. Ina jin ta ciki tana salati, tana cewa gado yana tafiya da ita. Na ɗauki taɓarya na yi ta dukan ƙyauren, ruwa ya kai mini gwiwa, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata kamar na taka buhun da ba a cika ba. Na yi ta kiran sunanka, kai da ke Gembu. Ban san ihuna ya fita waje ba sai da na ga Hauwa'u ta diro ta katanga da gatari, zanenta a ɗaure a ƙugu. Ita ta fasa allon ƙyauren.

Rabin daɓen ya riga ya rufta, gadon ya karkata cikin ramin, Goggo tana riƙe da ƙarfen taga. Na kwanta a bakin ƙofa na miƙa hannu, Hauwa'u ta riƙe ƙafafuna. Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Muna fitowa da ita zaure bangon gabas ya sulale, rufin ya bi shi. Ba ƙara mai yawa ya yi ba, wannan ne har yanzu yake hana ni sukuni, ɗaki guda ya shige ƙasa kamar an ajiye shi.

Ƙafar Goggo ta karye a ƙasan gwiwa, an ɗaure ta a asibiti, likita ya ce za ta taka in sha Allahu. Nawa yankan kwano ne kawai. Ɗakin Hauwa'u na baya ya tafi da awakinta, wasu gidajen a layin ma sun tsage, mutanensu suna zaune a makarantar firamare. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Sama'ila ya zo asibiti jiƙe da laka, ya kasa haɗa ido da ni. Da zai tafi ya ce mai unguwa yana roƙon in buga musu taswirar babba, in ja layin kwarin da jan biro, kowa ya ga inda yake. Na buga, ya kai. Amma Sama'ilan ya fara zancen sake gini a wurin in ruwa ya ɗauke. Wannan kai za ka hana shi, ni na yi iyakar tawa.

Na taho da Goggo nan, Temitope ta dawo da Asiya. Tun da muka zo Goggo ba ta cin komai sai ruwan kunu, ba ta yarda a rufe ƙofa, idanunta kullum a kan daɓe. Jiya da rana hadari ya taso, ta kira ni, ta kama hannuna mai lafiya ta ce, "Ɗiyata, shi wanga gida naku fa, kin duba shi?"

Ban duba ba. Tsohuwar taswirar Birnin Kebbi tana cikin kwamfutata, tsoro ya hana ni buɗe ta. Na ɗauko na zauna a bakin gadonta, na ɗora hoton bana a kanta. Na nemo layinmu, na nemo tankin ruwanmu, sannan na janye hoton sama a hankali. Gonar gero ce a kan tudu, babu kwari, babu tafki, sai wata 'yar hanyar jakuna da ta wuce ta inda ɗakin girkinmu yake. Na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo, ta sa na sake nunawa, sannan ta ce a ɗumama mata tuwon shinkafar jiya. Ta cinye tas, ta yi barci ruwa yana zuba.

Ka taho gida, don Allah. Goggo tana gaishe ka, Asiya ta ce ka zo mata da ayabar Gembu.

Taka har kullum,
Ummu Hani