Ƙorafi Kan Rahoton da Ya Ce Matan Mayanka Ba Su da Ƙorafi

Daga: Hajiya Furera Talle,
Shugabar mata masu wanke kayan ciki,
Layin Mahauta, Agege, Legas.

9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Mai girma Shugabar Kwamitin Binciken Halin da Mata ke Ciki da Ba Su Dama Daidai da Maza,
Legas.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SHAFI NA 41 NA RAHOTON KWAMITINKI DA WA'ADIN TASHI DA AKA BA MU

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da kukana da na mata ashirin da biyu da muke wanke tumbi da hanji, muke babbake kai da ƙafa, a tsohuwar rumfar bayan mayanka. An ba mu zuwa 30 ga wannan wata mu tashi, kuma rahoton kwamitinki ne sanadi. Ga yadda abin ya faru:

1. Ranar Talata, 14 ga Mayu, kwamitinki ya zauna a zauren ƙungiyar mahauta domin jin ta bakin mata. Ba a aiko mana da gayyata ba. Ƙungiyar aka aika wa, alhali a kanta muke kuka: shekara da shekaru muna neman katin zama 'yan ƙungiya, ana ce mana fawa ta maza ce. Wankin kashin shanu dai an yarda namu ne. A bakin famfo muka ji labarin zuwanku, muka wanke hannu muka zo. Maza suka hau kujeru, mu aka shimfiɗa mana tabarma daga baya, a zaman da aka ce namu ne.

2. Wani a ofishinki ya yanke hukuncin cewa matan Hausawa ba sa jin wani harshe, saboda haka aka nemi ƙungiya ta kawo tafinta. Ranki ya daɗe, a Agege aka yanke mini cibi. Shekara talatin da ɗaya da Yarbanci nake ciniki da masu sayar da abinci na Mushin, da shi nake faɗa da kwandastan motar haya ta danfo, ba a kuma taɓa cin galaba a kaina ba. Babu wanda ya tambaye ni ko ina buƙatar tafinta.

3. Tafintan da aka kawo shi ne Malam Sunusi, sakataren ƙungiya, mijin 'yata ta fari. Mai yiwuwa a wajenku wannan ba komai ba ne. A wajenmu mace ba ta buɗe baki ta yi ta zuba a gaban surukinta, balle ta kai ƙararsa ido da ido cikin taron maza. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa cin abinci a gabansa ba, gaisuwarmu ma ta bayan labule ce. Shi aka tsayar a kaina da abin magana a hannu. Sau uku kika tambaye ni ko muna da matsala, sau uku na sunkuyar da kai. Sauran matan ba za su yi magana ba tunda babbarsu ta yi shiru. Sai ya faɗa miki da Turanci cewa mun gode Allah, mun gode wa gwamnati. Na ji shi sarai. Gaskiya ne muna gode wa Allah, amma ba abin da ya raba mu da rumfa da hantsi ke nan ba. Ban ce da gangan aka zaɓe shi ba. Na dai san ƙungiyar tana da masu jin Turanci fiye da goma, kuma duk sun ci shinkafar bikinsa da 'yata, sun san surukina ne.

4. Ranar 22 ga Yuli rahoto ya fito. Shafi na 41 ya ce matan Hausawa na mayanka ba su gabatar da ƙorafi ba, kuma yawancinsu taya mazajensu aiki suke yi, ba sana'a ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, shekara tara ke nan da rasuwa. Mataimakiyata Uwa kuwa mijinta ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, bai taɓa riƙe wuƙar fawa ba. Ina neman a sanar da mu, cikin girmamawa, waɗanne mazajen muke tayawa.

5. Da wannan shafi aka yi rabon sababbin rumfuna arba'in da aka gina wa mata masu sana'a. Ko ɗaya ba mu samu ba. Ranar 2 ga Satumba aka manna takarda cewa za a rushe tamu a yi wurin sauke shanu. Kayan ciki ba ya jira. In ba a wanke shi da ɗuminsa kusa da ruwa ba, ya tashi aiki, kuma ba ya ɗaukuwa zuwa ɗakin haya. Ranar da aka rushe rumfar nan, ranar sana'armu ta mutu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin kwamitin da ya zo ɗaga mu ya zo, muna da rumfa.

Saboda haka muna roƙo: a dakatar da rushewar, a janye shafi na 41, a sake zama da mu a rumfarmu, ba tafinta, ko da tafinta mace, a kuma sa sunayenmu cikin rabo.

Na amsa nawa laifin, kunya ta kama mini baki. Amma kwamitin da ya zo binciken halin mata ya kamata ya bincika gaban wa mace ke iya magana.

Na san kwafen wannan takarda zai je ƙungiya, kuma sakatare ne zai buɗe shi. Ni ban iya rubutun boko ba. Na nemi a kira mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa, sai 'yata ta fari, matar sakataren, ta karɓi biro. Na tuna mata gidan da za ta koma da kuma 'ya'yanta huɗu, ta ce in ci gaba da faɗa, tana rubutawa. Mijinta zai gane hannun tun daga layin farko. Ina roƙonki kada ki bari ta yi wannan a banza.

Allah ya ƙara girma, ya yi miki jagora.

Taki mai biyayya,
Hajiya Furera Talle (dangwalen yatsa)

Mai rubutawa: Badiyya Sunusi