Sunan da Ba Ya Cikin Littafi

Tsibirin Wadau, Maris 1924

Ƙanena Whitcombe,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin ƙasarku bai ƙarasa ka ba. Malamin mishan ke rubuta mini.

Littafin da ka rubuta a kanmu ya iso, amma joji ya fi mu karanta shi. Ka tuna ranar da kake zana danginmu layi-layi ina gyaran raga? Ka tambaye ni 'yan'uwana nawa ne, na ce maza biyu. Akwai yayata. Ta rasu wata guda kafin zuwanka, ka kuma san ba ma kama sunan mamacinmu.

A wajenmu gado ta wajen mace yake bi, sai joji ya ce gonar kwakwar uwarmu ba ta da magaji, kamfani za a ba. 'Ya'yan yayata huɗu suka je gabansa, ya ce, "Ba kwa cikin littafi." Babban ya ce, "Ranka ya daɗe, to su wa ke tsaye nan?" Aka fitar da shi.

Ka huta lafiya.
Yayanka, Taudiri

Landan, Mayu 1924

Yayana mai daraja,

Ina gaishe ka cikin kunya. Babi guda na rubuta kan wannan hani na kama sunan mamaci, ban taɓa tunanin ya shafi zanen danginku da na yi ba. Na san sunan, na gan shi a rajistar mishan. Amma tun ranar da kuka yanka alade kuka mai da ni ƙanenka, hanin ya hau kaina. Me zan yi?

Naka cikin ladabi,
Whitcombe

Wadau, Yuli

Ƙanena,

Gaisuwa. Shekara biyu kana damun mu da tambaya, har yadda muke atishawa, duk na amsa. Wannan kam ba zan amsa ba. Joji dai zai sake zama a watan Nuwamba.

Sai na ji ka.
Taudiri

Wadau, Disamba

Dokta Whitcombe,

Gaisuwa irin ta baƙo. An karanta takardar da ka aiko da sunan yayata a kotu, mu duka muka toshe kunne. Gona ta koma hannun yara.

Dattawa sun zauna, sun ce ɗan'uwa ba zai kama sunan ba, don haka ka fita daga danginmu. Ban yi musu ba, gaskiyarsu ce. Idan za ka sake buga littafin, ka sa yayata, ka cire kanka.

Malamin nan yana tambaya ko na gama. Na ce ya ɗan jira.

Ka zauna lafiya.
Taudiri