Awa Huɗu da Rabi Tsakanina da Kai

Zakirai, ranar Laraba

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randata mai kashe ƙishi, Baban Larai. Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gaisuwar da ban san inda za ta same ka ba.

Yanzu aka kira azahar a masallacin unguwa, rana na dukan tsakar gida, amma agogon bangon ɗakinmu ya ce shida da rabi. Tun ranar da kuka sauka Haidarabad kai da Yaya Khalilu, ka bugo kana dariya wai Indiya ta riga mu da awa huɗu da rabi, na taka turmi na murɗa shi ya koma lokacinku. Har da rabi! Wace irin ƙasa ce wannan da ko awarta ba ta cika ba? Duk matar da ta shigo sai ta ce agogona ya lalace. Bai lalace ba, kai yake bi.

Ka tuna wasanka na kowace safiya? Ka bugo ina hura wutar koko, ka ce ka gama da ranar, ka sallamo mini ita, in fita in karɓa. Ni kuma sakarya sai in leƙa gabas, in ga tana fitowa ta bayan rimin gonarku, in ji kamar tafin hannunka ne a fuskata. Wayyo, wa ya taɓa yi wa mace aiken rana in ba kai ba? Ka tafi da ƙoda biyu don ka ba yayanka ɗaya, ka ce mini wata biyu ne kacal. Wata biyun ne har yau, Malam?

Ban manta labarin ginin nan na tsohon garinsu ba, Carminar, mai hasumiya huɗu da agogo a kowace fuska, wanda ka ce ya haura shekara ɗari huɗu. Ka ce mutanen garin na cewa wani sarki ne ya gina shi don godiya, da Allah ya yaye musu annoba. A gindinsa ka saya mini awarwaro kore, ka kaɗa su a bakin waya don in ji. Ashe wata annobar na tafe a bayanku, za ta rufe jirage ta bar ku can.

Bari in faɗa maka wautar da na tafka, in kana da ƙarfin dariya ka yi. Ranar da ka ce an yi muku ruwa har da ƙanƙara, sai na ce a raina ai hadari daga gabas yake zuwar mana, ta inda rana ke zuwa, kuma duk abin da ya bar wajenka nan yake nufa. Na buɗe rumbu na ɗebi irin geron da ka ajiye, na ɗauki sungumi, ni da ban taɓa riƙe shi ba, na yi binne a busasshiyar ƙasa. Dattawa suka ce da saura, ko iska ba ta juya ba tukuna. Na yi musu kunnen ƙashi. Mako uku ko ɗigo! Zabbi da ɓeraye suka tone irin tas. Ba irin ne ya ƙona mini rai ba, masoyina. Ranar na fara gane cewa ba duk abin da ya baro ka ne ke isowa gare ni ba.

Sai kiranka na ƙarshe. Ka ce Allah ya yi wa Yaya Khalilu rasuwa, da ƙodarka a jikinsa, an binne shi a maƙabartar musulmin garin. Kana magana tari na yanke ka, ka ce zafin garin ne kawai. Tun daga nan wayarka a kashe. Gobe kwana arba'in.

Ina jin tsoro, Baban Larai, ba zan ɓoye maka ba. Kullum in agogon ya nuna magaribarku, duhu nake gani da rana tsaka. Shekaranjiya na kunna fitila ana kiran azahar, Larai ta tsaya tana kallona kamar ba uwarta ba. Jiya ina shanyar kuka na ji ƙarar awarwaro a zaure, irin ta wayar nan sak, har da ɗan tarinka. Na ruga ba mayafi. Ba kowa sai akuya tana jan igiyarta.

Innarka ta jiƙa geron gumba turmi biyu. Ta ce gobe a yi sadakar 'ya'yanta maza duka biyun a huta, ni kuma in cire ɗankunne in shiga takaba. Ba na ganin laifinta, tsohuwa ce, zaman jira ya cinye ta. Amma wa ya ga gawarka? Wa ya yi maka wanka? Na ce mata turmi ɗaya zan daka, na Yaya. Ɗayan ko a bakin rijiya aka tsayar da ni ba zan ɗaga masa taɓarya ba.

Don Allah, don Annabi, ka yi motsi! Ka ari wayar mai shara ko ta limamin can, ka yi tari kawai a ciki, zan gane ka. Na sake shuka da ruwanmu na nan, gero ya kai gwiwa, yana jiran mai shi.

Abdulƙadir. Ka gani? Shekara tara bakina bai taɓa faɗin sunanka ba don kunya, yau hannuna ya rubuta, ko za ka ji haushi ka amsa. Aishatu ƙanwarka za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura lambarka, kamar sauran wasiƙu ukun da ba a buɗe ba.

Agogon kuwa ba mai taɓa shi. Kai za ka taka turmin ka mayar da shi lokacin Kano da hannunka. In ba ka zo ba, haka za a fitar da ni daga ɗakin nan yana ƙirga awowinka.

Taka a lokacinku da namu,
Furera