Muryar Baba ta maƙale a kwamfuta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya kulle.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu ya yi zuwa Kudu tun muna yara, wajen shekarun 1980. Bai iya rubutu ba, sai ya ɗauki magana a kaset ya ba direba ya kawo wa Innarmu a Kurfi. Ba wani abu ba ne, gaisuwa ce, da tambayar awaki, da tsokanarta wai tuwonta ya fi dutse tauri. Da kasakasan suka fara lalacewa na kai aka juye su da wata tsohuwar manhaja, wadda ba ta aiki sai a tsohon tsarin kwamfuta. Wani mai gyara a Dutsin-Ma ya yi mini dabara, ya zaunar da tsohon tsarin a cikin sabon, kamar ɗaki da ƙuryarsa. Duk Juma'a in na je gida sai in kunna wa Inna, tana kwance tana amsa wa Baba.

To kwamfutar ta sabunta kanta ba da sanina ba, na danna na danna, ƙuryar ta ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce ginshiƙin tsarin aka canja, kanel yake ce masa, muryar tana nan amma ƙofa ta rufe. Ya ce ko mu jira masu manhajar su gyara, bai san ranar ba, ko ya mayar da ita baya, kuma bai yi alkawarin komai zai tsira ba. Kasakasan kuwa tuni suka mutu.

Inna ba lafiya, ido ya tafi, tunani yana zuwa yana komawa, abinci sai da lallashi. Ƙanena muryarsa sak ta Baba, ya ce zai kwaikwaya a waya mu kunna mata. Na ce yaudara ce, ya ce ni ce marar tausayi, har ya fice ya bar mini ɗakin. Wallahi ko haushi ban ji ba, kwanan nan ba na jin komai, sai in tasa kwamfutar gaba in yi ta kallo.

Jiya da na je duba Inna, ta laluba hannuna ta ce, "Ke, direban bai iso ba ne?" Na ce yana hanya.

Jama'a in jira, in bari a taɓa kwamfutar, ko in ƙyale ƙanena ya yi? Jibi Juma'a, kuma Inna ta ce a share tsakar gida kafin direba ya iso.