Allon Ƙusoshi na Ƙofar Durbi

Zuwa ga Furera, ruwan randa a tsakar bazara, ƙamshin ƙasa bayan yayyafin fari, kurciyar da kukanta bai taɓa barin kunnena ba!

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙurin rashin Malam Sule? Allah Ya jiƙansa, ya riƙe ki da mutunci, ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri. Na jira kika fita takaba, na ƙara jira har damina ta sauka. Yau kam zuciya ta fi ƙarfin kunya.

Makon jiya ina garejina a Ƙofar Sauri, rediyo na ta shelar sojoji sun koma bariki, sai ƙwallon boris, 'yar ƙwallon ƙarfen nan ta cikin inji, ta suɓuce mini ta gangara tana buga spanoni. Wallahi Furera, wannan ƙarar ta mayar da ni shekara ashirin baya, wancan karon da suka miƙa mulki, gari na shirin Babbar Sallah. Kin tuna allon Ɗanliti a Ƙofar Durbi? Allon nan mai gilashi, cike da ƙusoshi, da ya kawo daga Ikko yana rantsuwa wai wasan Japanawa ne, facinko. A ja ɗan ƙarfe, ƙwallo ta yi sama, ta gangaro tana karo, ƙis, ƙis, ƙis, samari sun riƙe numfashi, ko ta faɗa ramin kyauta ko ta wuce a banza. Malamai na cewa caca ce, mu kuwa ƙuruciya ta toshe mana kunne.

Ina ta ja ina ta faɗuwa, sai ga ki da farantin alkaki a ka, kina dariya a bayan gyale. Kika ce, “Malam, kai dai ba ka da hannu. Matsa in gwada, amma in Inna ta ji, kai ka kashe ni.” Ja ɗaya! Ɗanliti ya miƙo madubin hannu fuska a murtuke. Wace zinariya ce ta kai hasken idonki a ranar? Wane zuma ya kai alkakin da kika ba ni, wai don in huce?

Daga nan dandalinku ya zama gidana. Sai maigidana ya tura ni Maraɗi koyon inji, abin wata shida ya koma shekaru. Na dawo na tarar an kai ki Batagarawa. Ban ga laifinki ba, ɗiya mace ba ta jiran iska. Kika zame mini inuwar giginya, na nesa ya sha. Na yi aure, Rabi ta zauna da ni lafiya har Allah Ya karɓe ta. Amma duk ɗan acaɓan da ya kawo gyara daga wajenku, sai na tambaye shi ko an yi ruwa a can.

Jiya ƙanenki Usman ya kawo babur, a cikin hira ya ce zai ɗauke ki ki koma wurinsa Kaduna kafin kaka. Spana ta faɗi daga hannuna! Sau biyu, Furera? Sau biyu zan tsaya ina kallo?

Furfura ta fito mini, gidana ɗaki biyu ne da bishiyar lemo, amma ba wadda za ta shiga bayanki. Ranar Juma'a yayana Alhaji Yahaya zai je wurin kawunki da goro. In kin yarda, ki ce ya karɓa. In ba ki yarda ba, kada ki ɓoye mini ranar tafiya. Ni zan ɗora miki kaya a tasha, in tsaya har motar ta ɓace.

Naki tun kina talla, naki har a rufe ni da ƙasa,
Mudassir Makanike